Hiliyom: Iskar da ke sanyaya na'urorin asibiti, da dalilin da ya sa take ƙaranci a duniya

Wurare biyu ne mutumin Zamfara zai iya yin kiciɓis da iskar hiliyom ba tare da ya taɓa jin sunanta ba. Na farko shi ne balan-balan ɗin da ake ƙawata zauren biki da shi, wanda da zarar an saki zarensa sai ya yi sama. Na biyu kuwa ɗakin hoto ne na babban asibiti, inda ake kwantar da majinyaci a tura shi cikin na'urar MRI domin likita ya ga halin da ƙwaƙwalwarsa ko lakarsa ke ciki. A zauren biki abin wasa ce. A asibiti kuwa, ranar da ta ƙare, na'urar da aka saya da kuɗi masu ɗimbin yawa ta zama tulin ƙarfe har sai an sake cika ta.

Babu masana'antar da ke haɗa hiliyom kamar yadda ake haɗa taki ko siminti. Daga ƙarƙashin ƙasa ake samo ta, a gauraye da iskar gas, kuma wadda aka bari ta tsere ba ta dawowa. Ƙasashe huɗu, wato Amurka da Katar da Rasha da Aljeriya, su ke samar da fiye da kashi 90 cikin 100 na wadda duniya ke amfani da ita. Najeriya, duk da arzikin gas ɗin da Allah ya hore mata, ba ta cikin masu samar da ita. Duk wadda ke cikin asibitocinta da dala aka sayo ta. Daga 2006 zuwa 2023, sau huɗu kasuwar duniya ta faɗa cikin matsanancin ƙarancin wannan iska.

Mece ce hiliyom?

Masana kimiyya sun jera sinadarai 118 bisa yawan furoton ɗin da ke tsakiyar ƙwayar zarrar kowanne. Haidurojin ne na ɗaya, hiliyom ta biyu: furoton 2 da niyutiron 2 a tsakiya, ilaktiron 2 suna kewaya su. Waɗannan ilaktiron biyu sun cika gurbin da ake da shi cif, don haka ƙwayar ba ta karɓar na wani, ba ta kuma bayar da nata. Kusan dukan halayenta daga nan suka samo asali. Ba ta cin wuta, ba ta sa ƙarfe tsatsa, ba ta haɗuwa da wani sinadari ta zama dutse ko ruwa. Ba ta da launi, ba ta da wari.

Ta fi iskar da muke shaƙa rashin nauyi kusan sau 7, shi ya sa kubik mita guda nata ke iya ɗaga kaya mai nauyin kusan kilo 1. Sauti ma ya fi gudu a cikinta kusan sau 3, abin da ke sa muryar wanda ya shaƙe ta ta koma kamar ta agwagwa. Wannan wasa yana da haɗari, domin tana korar oksijin daga huhu, kuma shaƙa kai tsaye daga tukunyarta ta sha yin kisa. Ya kamata iyaye su kuma sani cewa ba kowane balan-balan mai tashi ne ke ɗauke da hiliyom ba. Saboda tsadarta, a ƙasashe da dama masu talla kan cika shi da haidurojin da suka haɗa da kansu daga soda da gutsattsarin alminiyom, shi kuwa haidurojin da ya ji wuta sai ya fashe.

Rashin nauyin nan da rashin haɗuwa da komai su ne matsalar. Ƙarfen da ya yi tsatsa yana nan a ƙasa, ruwan da ya ƙafe zai dawo da damina. Hiliyom ɗin da ta fita daga balan-balan kuwa sai ta bazu cikin iskar duniya, inda yawanta bai wuce kashi 5 cikin miliyan ba, sannan a hankali, cikin dogon zamani, ta hau can ƙololuwa ta sulale zuwa sararin samaniya. Tun kafin ta kai can ma an riga an yi asararta, domin tace ta daga iskar da ke kewaye da mu yana cin wutar lantarkin da babu ɗan kasuwar da zai iya biya.

An fara ganinta a rana

Idan haske ya ratsa gilashi mai kusurwa uku, sai ya rarrabu launi-launi kamar bakan gizo, kuma kowane sinadari yana da nasa layukan a cikin launukan, kamar yadda kowane mutum ke da nasa zanen yatsa. A ranar 18 ga Agusta, 1868, aka yi husufin rana, wani masanin taurari ɗan Faransa, Jules Janssen, ya je garin Guntur na Indiya ya duba hasken gefen rana ta wannan hanya. A watan Oktoba na shekarar, Norman Lockyer ya ga wani layi rawaya a hasken rana daga Ingila, ya kuma lura cewa bai yi daidai da na wani sinadarin da aka sani ba. Ya ce sabon sinadari ne, aka raɗa masa suna daga kalmar da Girkawa ke kiran rana da ita. Masana da yawa ba su yarda ba.

Sai bayan shekara 27, a 1895, William Ramsay ya zuba ruwan asid a kan wani dutse mai ɗauke da yuraniyom a Landan, ya tara iskar da ta fito, ya ga layin nan rawaya. A shekarar ce kuma Per Teodor Cleve da Nils Langlet suka gano ta a Uppsala ta ƙasar Suwidin. Abin da ya rage a sani shi ne me ya haɗa iska mafi sauƙi da yuraniyom, wanda yake cikin ƙarafa mafiya nauyi. Ernest Rutherford da Thomas Royds ne suka warware wannan a binciken da suka wallafa a 1909.

Asali biyu

A sararin samaniya hiliyom ba ta ƙaranci ko kaɗan. Ita ce ta biyu a yawa bayan haidurojin, kuma kusan rubu'in nauyin taurari da gajimaren da ke tsakaninsu nata ne. A lissafin masana, mafi yawanta ta samu ne a 'yan mintocin farko na samuwar sararin, kimanin shekara biliyan 13.8 da suka wuce. Taurari kuma suna ta ƙara ta: a kowace daƙiƙa rana tana narkar da kimanin tan miliyan 600 na haidurojin ya koma hiliyom, kuma daga nan ne zafin da ke busar da gero a kan rufi yake zuwa.

Wadda ake haƙowa a duniya asalinta daban. Ƙwayoyin yuraniyom da toriyom da ke cikin duwatsu ba su da natsuwa. A hankali suke farfashewa, suna tofar da ɗan gutsure mai furoton 2 da niyutiron 2. Abin da Rutherford da Royds suka tabbatar shi ne wannan gutsure tsakiyar ƙwayar hiliyom ce, da ta sami ilaktiron 2 sai ta zama iska. Ƙwayar yuraniyom mai lamba 238 tana tofar da irin wannan gutsure sau 8 kafin ta tsaya a matsayin dalma. Amma sai an shekara biliyan 4.5 kafin rabin yuraniyom ɗin da ke cikin dutse ya farfashe; toriyom kuwa sai biliyan 14. An ƙiyasta cewa dukan duwatsun ɓawon duniya suna haifar da kimanin tan 3,000 a shekara, a warwatse ko'ina, alhali masana'antu da asibitoci suna cinye wajen tan 30,000.

Kafin ta taru a wuri guda har a iya haƙa, sai abubuwa uku sun haɗu. Sai an sami tsohon dutse mai yuraniyom da toriyom, irin su giranit, wanda ya daɗe yana tara ta a cikinsa. Sai kuma zafi ko tsagewar ƙasa sun saki iskar ta yi sama. Na ƙarshe, kuma shi ya fi wuya, sai ta tarar da murfi: shimfiɗar gishiri ko matsattsen yumɓu da ba za ta iya ratsawa ba. Irin wannan murfi shi ne ke tare iskar gas, shi ya sa ake samun su tare.

A garin Dexter na jihar Kansas aka fara fahimtar haka, ta hanya mai ban dariya. A 1903 an haƙa rijiyar gas, mutanen gari suka taru don bikin kunna ta, aka kawo damin ciyawa mai ci da wuta, iskar ta kashe wutar. Mafi yawanta naitirojin ne. A 1905 Hamilton Cady da David McFarland na Jami'ar Kansas suka auna ta suka tarar kashi 1.84 cikin 100 hiliyom ce. Sinadarin da ake ɗauka sai a ɗakin bincike ake ganin ɗigonsa, ashe yana kwance jingim a ƙarƙashin gonakin Amurka.

Sanyin da babu kamarsa

A ranar 10 ga Yuli, 1908, Heike Kamerlingh Onnes ya mayar da hiliyom ruwa a birnin Leiden na ƙasar Holan. Iskar da ya yi aikin da ita ya samo ta ne daga gasa yashin monazait mai ɗauke da toriyom, irin yashin da ake samu a tarkacen haƙar kuza na tsaunukan Jos. Ruwan hiliyom yana tafasa a digiri 269 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos, digiri 4 kacal sama da iyakar sanyin da zai yiwu. A 1911 Onnes ya sanyaya zaiba, wadda masu haƙar zinariya ke kira makuri, a cikin wannan ruwa, sai ya ga wutar lantarki tana ratsa ta babu wata turjiya. Wayar da ta kai wannan matsayi ba ta ɗaukar zafi, kuma wutar da aka zuba mata za ta yi ta kewayawa ko an cire ta daga soket.

A kan wannan aka gina na'urar MRI ta zamani. Jikin mutum galibinsa ruwa ne, ruwa kuma cike yake da haidurojin. Maganaɗisu mai ƙarfi yana jera ƙwayoyin haidurojin ɗin, a buga musu igiyar rediyo, kwamfuta ta mayar da amsar da suka bayar ta zama hoto. Na'urar da aka fi amfani da ita a duniya tana da ƙarfin tesla 1.5, wato ya ninka na maganaɗisun duniya kusan sau 30,000. Ana samun wannan ƙarfi ne da nannaɗaɗɗiyar waya ta niyobiyom da taitaniyom, wadda ba ta aiki sai sanyinta ya zarce digiri 263 ƙasa da sifili. Ruwan naitirojin yana tsayawa a 196, na haidurojin a 253. A sanyin da ake bukata, kowane sinadari ya daskare in ban da hiliyom. Saboda haka ake nutsar da wayar cikin lita 1,500 zuwa 2,000 na ruwanta.

Ga inda maganar ta shafi mutanen Damri da sauran ƙauyukan Bakura, da na Maradun da Talata Mafara. Wanda ya yi haɗarin babur ƙafafunsa suka daina motsi, ko yaron da farfaɗiya ta ƙi jin magani, ko matar da ake zargin ƙari a ƙwaƙwalwarta, duk hoton MRI ne zai fi nuna wa likita abin da ke faruwa, kuma ba asibitin ƙauye ko na ƙaramar hukuma ne ke yin sa ba. Tafiya ce zuwa manyan birane: Gusau, ko Sakkwato inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa, ko Kano, ko Zariya. Ga mutanen yankin da hare-haren 'yan bindiga suka ɗaiɗaita, kamar wanda aka kai Damri da maƙwabtanta a watan Mayun 2022 aka kashe mutane da dama, fita hanya kanta kasada ce, kuɗin mota da na hoto kuma sau da yawa sai an sayar da dabba. In aka isa aka ce na'ura ta lalace, babu mai mayar wa iyalin abin da suka kashe.

Na'urorin ma ba su da yawa. Wani bincike da likitocin hoto na yankin suka wallafa a 2018 ya ƙirga guda 84 a dukan Afirka ta Yamma, 58 daga ciki a Najeriya, kuma mafi yawan na Najeriyar masu ƙaramin ƙarfi ne. Irin waɗannan da maganaɗisu na dindindin suke aiki, ba sa bukatar hiliyom, amma hotonsu bai kai na manyan fitowa ba, kuma sun fi jan lokaci. Asibitoci sun zaɓe su ne domin sun san halin wutar lantarkin ƙasar.

Dalili kuwa shi ne babbar na'ura tana da injin sanyi a samanta, wanda ke mayar da hiliyom ɗin da ta tururi ta sake zama ruwa. Dole ya yi ta aiki dare da rana, ko da majinyaci ko babu. Idan wuta ta ɗauke janareta bai tashi ba, sai ruwan ya fara ƙafewa. In ya yi ƙasa da yawa wayar ta ɗumama, sai dukan ƙarfin maganaɗisun ya koma zafi nan take: kowace lita ta ruwa ta kumbura ta zama kusan lita 750 ta iska, ta fice ta bututun rufi cikin 'yan mintoci. Sake cikawa aikin dubun-dubatar daloli ne, ga jiran kaya daga waje, ga jiran injiniya. A watan Oktoban 2024 galibin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda babu wuta bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo ta. Duk babbar na'urar da ta tsira a lokacin, man dizal ne ya tsirar da ita. Ga kuma naira, wadda ta faɗi daga kusan 460 a kan dala a tsakiyar 2023 zuwa fiye da 1,500 a farkon 2024. Ko farashin hiliyom bai motsa ba a kasuwar duniya, ya ninka sau uku ga asibitin Najeriya.

Asibitoci ba su kaɗai ke layin saye ba. Masu ƙera ƙwaƙwalwar waya da kwamfuta, da masu yin wayar gilashi ta intanet, da masu harba roka, da masu walda ta musamman, da masu nutso cikin teku don gyaran bututun mai, duk suna bukatarta. Cibiyar bincike ta CERN da ke iyakar Faransa da Suwizalan tana sanyaya zobenta mai tsawon kilomita 27 da fiye da tan 100. Ranar da kaya suka yi ƙaranci, ba sai an faɗa ba, mai ƙaramin oda daga Afirka ta Yamma shi ne a ƙarshen layi.

Yadda Amurka ta tara, ta kuma sayar

Labarin rumbun Amurka ya cancanci duk mai sha'awar siyasar ma'adinai ya san shi. A 1925 majalisar ƙasar ta yi dokar da ta sa hiliyom a hannun gwamnati, domin cika jiragen yaƙi na balan-balan, ta kuma taƙaita fitar da ita waje. Wannan na cikin dalilan da suka sa Jamus ta cika jirginta Hindenburg da haidurojin, wanda ya kama wuta a Lakehurst ranar 6 ga Mayu, 1937, mutum 36 suka mutu. A 1960, lokacin gasar roka da Tarayyar Sobiyet, gwamnati ta fara sayen hiliyom daga kamfanonin gas tana ɗura ta cikin wata tsohuwar rijiyar gas a Cliffside, kusa da Amarillo ta jihar Texas. Zuwa 1995 an tara kimanin kubik mita biliyan 1, shirin kuma ya tara bashin fiye da dala biliyan 1.

'Yan majalisa suka ga bashin, suka manta da abin da ke cikin rumbun. A 1996 aka yi dokar sayar da ajiyar, aka kuma tsara farashin yadda zai biya bashin, ba yadda kasuwa ko ƙarancin kayan suka nuna ba. Shekara da shekaru wannan rumbu ɗaya yana samar da kusan sulusin abin da duniya ke saye, a farashi mai rahusa. Wanda ke samun kaya da araha ba ya wahalar da kansa wajen tattali, kamfanoni kuma ba su ga ribar zuba jari a sababbin rijiyoyi ba. Kwamitin masana da ya duba lamarin a 2010 ya soki tsarin, kuma ɗaya daga shugabanninsa, Robert Richardson, wanda ya ci kyautar Nobel a 1996 kan binciken hiliyom, ya ce da za a yi farashi na gaskiya da balan-balan guda ya kai dala 100. A 2013 aka gyara doka aka koma gwanjo, a 2024 kuma aka sayar da ragowar ajiyar da bututunta ga kamfanin Messer na Jamus. A ganina kuskuren bai tsaya ga sayarwa ba. Babban kuskuren shi ne an auna darajar kadara da girman bashin da ke kanta, abin da mai karatu a Najeriya ba zai ji baƙonsa ba.

Da rumbun ya ja baya, sai duniya ta koma dogaro da 'yan masana'antu ƙalilan, kowace ta yi tari kasuwa ta kama mura. A watan Yunin 2017 Saudiyya da ƙawayenta suka rufe iyaka da Katar. A lokacin, hiliyom ɗin Ras Laffan ta mota take bi ta Saudiyya zuwa tashar jiragen ruwa ta Dubai, don haka masana'antun suka tsaya na 'yan makonni, kusan kashi 30 cikin 100 na kayan duniya ya ɓace daga kasuwa. Babbar masana'antar Amur ta Rasha, wadda aka sa ran za ta kawo sauƙi, ta yi gobara a Oktoban 2021, ta sake yin wata a Janairun 2022, sai ga yaƙin Yukren da takunkumi. Kuma ba kaya ba ne da za a jibge a sito. Ana jigilar ruwanta cikin manyan tankoki masu ɗaukar kimanin lita 41,000, kuma bayan kwana 30 zuwa 45 sai ta fara tsiyaya.

Shin ƙarewa take yi?

A kan takarda, ba nan kusa ba. Duniya tana samar da kubik mita miliyan 160 zuwa 180 a shekara, hukumar binciken ƙasa ta Amurka kuma ta ƙiyasta abin da ke ƙarƙashin ƙasa a kimanin biliyan 40. In aka raba, ya haura shekara 200. Sai dai wannan lissafi yana ɓoye abu guda: kusan ba a haƙa rijiya don hiliyom, gas ake nema, ita kuwa 'yar rakiya ce. Duk gas ɗin da aka ƙona a tashar lantarki ko a murhu ba tare da an tace ta ba, hiliyom ɗinsa ta tafi ke nan. Saurin ƙarewarta yana bin saurin haƙar gas ne, ba yawan majinyatan da aka ɗauka hoto ba.

A al'ada sai gas yana da aƙalla kashi 0.3 cikin 100 kafin tacewa ta yi riba. Katar ta kauce wa wannan ƙa'ida. Gas ɗinta bai wuce kashi 0.04 ba, amma tana daskarar da shi ya zama ruwa a digiri 162 ƙasa da sifili don fitarwa waje, kuma ɗan abin da ya ƙi zama ruwa a wannan sanyi naitirojin ne da hiliyom. Daga wannan ragowar ta fara tacewa a 2005.

Ta ɓangaren masu amfani ma ana samun sauyi. A 2018 kamfanin Philips ya fitar da na'urar MRI mai rufaffen maganaɗisu da ke ɗauke da lita 7 kawai, a 2020 Siemens ya fitar da mai ƙasa da lita 1. Ba a sake cika su, kuma in wuta ta ɗauke iskar ba ta fita waje. Duk lokacin da wata gwamnatin jiha ta sanar da kwangilar sayen MRI, tambayoyin da ya kamata 'yan jarida da 'yan majalisa su yi su ne: lita nawa take ci, wa zai biya kuɗin cikawa da gyara bayan shekarun garanti, kuma wace wuta aka tanadar wa injin sanyinta. Bikin yanke ƙyalle ba ya amsa ko ɗaya.

Afirka da Najeriya

Aljeriya ce ta daɗe a harkar. Tun tsakiyar shekarun 1990 take tace hiliyom a Arzew, daga baya a Skikda, daga gas ɗin Hassi R'Mel, wurin da aka tsara bututun da zai ratsa Sahara daga Najeriya ta Nijar zai ƙare. A 2016 masana daga jami'o'in Oxford da Durham tare da kamfanin Helium One suka sanar da gano tarin da suka ƙiyasta a kubik mita biliyan 1.5 a kwarin Rukwa na Tanzaniya, inda zafin duwatsu masu aman wuta ke sako iskar daga tsofaffin duwatsu. Muhimmancinsa shi ne da gangan aka je nemanta, ba tsintuwa aka yi ba. A Afirka ta Kudu kamfanin Renergen ya fara samar da ruwan hiliyom a Virginia ta lardin Free State a 2023, ko da yake aikin ya yi ta tangal-tangal.

Najeriya tana daskarar da gas a Bonny tun 1999, tana kuma ƙona fiye da kubik mita biliyan 5 a banza kowace shekara a filayen mai. Amma gas ɗin Neja Dalta yana cikin sababbin duwatsu ne masu kauri, nesa da tsohon giranit, don haka ba nan masu neman hiliyom ke fara dubawa ba. Samun yuraniyom ma shi kaɗai bai isa ba: Nijar tana haƙarsa a Arlit tun 1971, amma ba ta sayar da hiliyom, domin inda babu murfi iskar tana ficewa yadda take samuwa.

Yanayin ƙasar Zamfara ta yamma yana da ban sha'awa ta wannan fuska. Daga Gusau zuwa Maradun tsofaffin duwatsu ne a fili, har da giranit mai shekara wajen miliyan 600. Daga wajejen Talata Mafara da Bakura, inda madatsar Bakolori ke shayar da gonaki, sai su fara nutsewa ƙarƙashin shimfiɗun yashi da yumɓu na kwarin Sakkwato, wanda yanki ne na babban kwarin Iullemmeden da ya miƙe har cikin Nijar da Mali. Tsohon dutse a ƙasa, shimfiɗa a sama: wannan shi ne sharaɗi na farko, kuma shi kaɗai ba ya nufin akwai arziki. Kwarin ba shi da zurfi sosai a ɓangaren Najeriya, kuma babu rijiyar hiliyom a cikinsa. Duk wanda ya zo da labarin an gano wata dukiya a ƙarƙashin gonar wani, a nemi ya nuna sakamakon awo. Jihar da gubar dalma ta kashe mata yara fiye da 400 a 2010 a sanadin haƙar zinariya ba ta bukatar wani sabon rububi.

Abin da ya dace a nema ƙarami ne. Dokar man fetur ta 2021 ta ware kashi 30 cikin 100 na wani ɓangare na ribar kamfanin NNPC don neman mai a kwaruruwan da ba a bincika ba, ciki har da na Sakkwato da Bida da Binuwai da Chadi, kuma a Nuwamban 2022 aka ƙaddamar da haƙa a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe. Auna hiliyom a samfurin gas ko na ruwan rijiya mai zurfi kuɗinsa bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da kuɗin haƙa rijiyar. Sai dai sai an nema musamman ake yin sa, saboda wani dalili na fasaha: na'urar da aka saba tantance gas da ita, hiliyom ake hura mata don ta tura samfurin ya ratsa, saboda haka ba ta ganin hiliyom ɗin da ke cikin samfurin sai an sauya mata wata iskar. Rijiyoyi da yawa a duniya an haƙa su an rufe ba tare da kowa ya duba ba. Sashe na 44 na kundin tsarin mulki ya sa dukan ma'adinai a hannun Gwamnatin Tarayya, don haka wurin tambayar shi ne hukumar NUPRC da ke kula da haƙar mai, masu ikon yin ta a zauren majalisa kuwa su ne sanatan Zamfara ta Yamma da 'yan majalisar wakilai na Bakura da Maradun da na Talata Mafara da Anka: a sa awon hiliyom cikin sharuɗɗan kowace rijiyar gwaji, a kuma wallafa sakamakon.